Safar da Na Ɗinka wa Jirgi

Talata, 4 ga Yuni, 1991, bayan la'asar

Ƙaramin jirgin kamfanin su Jibirilu ƙanena ya faɗi yau da hantsi. Bai ma yi nisa ba. Ya tashi, ya wuce shingen filin jirgi da kaɗan, ya karkata, ya sauko da ka cikin gonar rogo. Mutum huɗu ne a ciki, Kaftin Amarte da fasinja uku. Babu wanda ya fita.

Wasiu makanike ne ya zo shagona a Mamobi ya faɗa mini, rigarsa sharkaf da ruwan sama. Shekara shida suna aiki tare da ƙanen nawa. Abin da na fara tambaya, Jibirilu yana ciki? Ya ce a'a. Ai na san ba ya ciki. Jibirilu bai taɓa hawa sama ba ko sau ɗaya, aikinsa a ƙasa yake: ya wanke jirgi, ya tura, ya ɗaure, ya rufe abin rufewa da yamma ya buɗe da safe.

"Sun riƙe shi, Masta Fuseini," in ji Wasiu. "Dukanmu aka yi wa tambaya aka sake mu. Shi kaɗai suka ce ya zauna."

Na ce saboda me? Ya dubi keken ɗinkina, ya dubi ƙasa, ya ce bai sani ba tukuna.

Laraba, 5 ga Yuni, da hantsi

Hamsatu matar Jibirilu ba ta ɗora tukunyar wake da shinkafa ba yau. Masu sayen abincinta sun yi ta tsayuwa a bakin titin Nima suna leƙen teburin da babu kowa. Tare muka je inda ake tsare da shi, ta goya ƙaramar, manyan biyu muka bar su wa maƙwabta. Ba a bar mu mun gan shi ba. Abincin ma sai da ɗan sandan ƙofa ya jujjuya shi da cokali kafin ya karɓa.

A trotro, motar haya, muna dawowa ta ce, "Yaya, kai ne ubanmu yanzu. Duk yadda ka ce haka za a yi."

Na ce kwana biyu ne za su sake shi. Da ƙarfi na faɗa, har wata mata a gaba ta waiwayo.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan azahar

Wasiu ya dawo. Ya ce masu bincike sun sami wani abu a jikin fiffiken hagu, wuta ba ta kai wurin ba.

Ya zana mini da allin yanka a kan teburina, kamar ban sani ba. A ƙarƙashin fiffike akwai wani ɗan bututu, bai fi tsawon yatsa ba. In jirgi yana gudu iska ce ke shiga ta bakinsa, ta motsa wata allura a gaban direba, ta nan yake sanin gudunsa ya isa tashi ko bai isa ba. In jirgi yana ajiye, zanzaro yana son ya shiga ya yi gini a ciki, shi ya sa ake sa masa 'yar safa ta yadi da yamma, a cire da safe. Ranar Talata ba a cire ba. Kaftin ya tashi bai san gudunsa ba.

"Safar fara ce, Masta. Fara tas, kalar fiffiken. Ko kana tsaye kusa sai ka duƙa za ka gan ta."

Na ce masa ina da aiki, Sallah ta matso.

Yana fita ya ce, ɗinkin ko warwarewa bai yi ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, da yamma

Na ɗinka wa Alhaji Dramani hannun riga a baibai. Shekara ashirin da bakwai ina kan keke, ban taɓa yin haka ba.

Litinin, 10 ga Yuni, bayan la'asar

Yau an bar ni na gan shi, minti goma. Ya rame, leɓensa ya fashe. Ban tambayi abin da ya fasa shi ba.

Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba tun yana yaro, a gaban 'yan sanda. Sannan ya ba ni labarin safiyar. Hadari ya taso daga wajen teku, Kaftin yana so ya riga shi. Fasinja sun makara, masu awon ƙasa biyu da wata nas mai kai magani arewa. Jibirilu ya kwance igiyoyi, ya cire katakon taya, yana hanyar zagayawa fiffiken hagu sai manaja ya ƙwala masa kira, ya zo ya ɗauko akwatunan awo daga mota. Akwati biyar masu nauyin tsiya. Yana ɗora na ƙarshe Kaftin ya tada inji. Kullum Kaftin yakan zagaya jirgin da ƙafarsa yana taɓa nan yana taɓa can. Ranar daga nesa ya yi masa kallo ɗaya ya shige.

"Ina tsaye na tuna, Yaya. Ya riga ya kama titi. Na bi shi da gudu ina ihu. Wa zai ji ni?"

Na ce me ka gaya musu game da safar?

Ya dubi ɗan sandan, ya rage murya. "Na ce wani tela ne a Sakul ya ɗinka, ban san sunansa ba."

Lokaci ya cika. Na taso.

Talata, 11 ga Yuni, da safe

Jirage suna bi ta kan Nima tun ina yaro ban taɓa ɗaga kai ba. Yanzu kowanne ya taso sai ƙafata ta tsaya a kan keke har ƙararsa ta ɓace.

Laraba, 12 ga Yuni, azahar

Abin ya canza. Manaja ya nuna takarda cewa kamfani ya ba Jibirilu jan yadi mai kauri, yadi ɗaya da rabi, a ɗinko sababbin safuna. Suka ce ina jan yadin? Ya ce ya ɓace. Yanzu maganar da ake yi, wai ya sayar da kayan kamfani ya kawo farin ƙyalle mai arha, sanadin haka mutum huɗu suka mutu. Sakaci ya koma sata.

Jibirilu da ko albasa ba ya ɗauka a teburin matarsa sai ya tambaya.

Akwai abin da ke ƙarƙashin teburin yankana, cikin buhun ƙyallaye. Yau ba zan rubuta shi ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, bayan sallar Juma'a

Bari in rubuta, ko zan samu in ci abinci.

Sati biyu kafin faɗuwar, Jibirilu ya kawo mini jan yadi da wata tsohuwar safa da ta yage. Ya ce in ɗinka huɗu irinta, kowacce da dogon jan ƙyalle yana lilo, kamu biyu. Na ɗaga yadin na duba. A garin nan kowa ya san abin da jan ƙyalle yake nufi. Rabin masu kawo mini ɗinki 'yan ƙabilar Gā ne da Asante, na ɗinka kayan makoki sun fi a ƙirga. In ka ga mota da jan ƙyalle ɗaure a madubi, gawa ta ɗauko ko wajen gawa za ta. Na ce jirgin da ke ɗaukar mutane masu rai za a rataya wa wannan? Ba da hannuna ba.

Ina da ragowar farin yadi mai ƙarfi. Na yanka shi daidai bakin bututun, na sa roba a ciki don ta kama, na yi ɗinki biyu-biyu. Ƙyallen lilon kuwa na bar shi, don ni a wurina abin da ke reto a jikin ɗinki aikin ɗan koyo ne. Na ɗauka ado ne irin na Turawa. Wallahi na ɗauka ado ne. Ban san don a hango shi daga nesa ake sa shi ba, ban kuma tambaya ba. Tela ne ni mai suna daga Mamobi har Adabraka, wa zan tambaya?

Jibirilu ya yi wata magana a lokacin, ban riƙe ta ba.

Jan yadin na nan, ko almakashi bai taɓa shi ba. In na kai, maganar sata ta mutu. Su kuma za su tambayi wanda ya ɗinka farar.

Gobe zan kai.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

Ofis ba ya buɗewa Asabar.

Litinin, 17 ga Yuni, bayan azahar

Na naɗe shi a takardar siminti na fita. A Sakul na sauka in canza mota. Na tsaya wajen masu sayar da agogo, motar ta cika ta tafi, wata ta cika ta tafi. Kwandasta na uku ya ce, "Baaba, za ka ne ko kana gadin wurin?" Na sayi zare baƙi wanda ba na bukata na dawo.

Tsoro nake ji. Ba wani abu ba ne, tsoro ne. Na ga leɓen Jibirilu. Ina tsoron ɗakin da suke tsare da shi, ina kuma tsoron Nima ta ji cewa Fuseini tela ne ya kashe mutum huɗu da gwanintarsa.

Laraba, 19 ga Yuni, da hantsi

Hamsatu ta koma sana'a, dole. Ta ce mutane sun ragu, wasu sukan tsallaka titi su saya a wajen wata. Jiya wani ya ce mata matar ɓarawon yadi. Ta watsa masa ruwan wanke kwano.

"Mijina ba ɓarawo ba ne kwata-kwata, Yaya. Telan Sakul ɗin nan, in na gan shi, Allah sai na yaga masa riga a tsakiyar kasuwa. Ka san teloli sosai paa, ka bincika mana."

Na ce zan bincika.

Bayan Sallah zan kai. Kayan mutane sun yi yawa.

Asabar, 22 ga Yuni, la'asar

Yau aka binne Kaftin Amarte. Ayarin ya bi ta babban titi, motoci sun fi talatin, kowacce da jan ƙyalle a madubi, mata da jan ɗankwali suna kuka suna kiran sunansa. Tun daga kwanar asibiti na hango su, tun ban ji ƙarar ganguna ba. Ja ba ya ɓuya.

Na shiga shago na ja ƙofa.

Lahadi, 23 ga Yuni, ranar Sallah, da yamma

Na yanka rago na aika wa Hamsatu cinya biyu. Yaran sun zo gaisuwa cikin kayan da na ɗinka musu. Babbar ta tambaye ni ko a can ana ba Baabanta nama.

Alhamis, 27 ga Yuni, bayan azahar

Wasiu ya shigo bai yi sallama ba. Ya zauna a bencin masu jira, ya daɗe yana kallon rigunan da ke rataye.

"Masta, kai ka ɗinka mini kayan aurena. Ɗinki biyu-biyu, da ɗan ƙullin nan a ƙarshe. Tun ranar farko na gane hannunka."

Na ce ya fita mini daga shago.

"Zan fita. Ban faɗa wa kowa ba, don Jibirilu ya roƙe ni da girman Allah. Amma ran sha ɗaya ga wata za a shiga kotu. Cale, ƙanenka ne fa."

Ya kira ni cale, kamar wani sa'ansa. Ban iya ko tsawata masa ba.

Litinin, 1 ga Yuli, da safe

Gobe.

Juma'a, 5 ga Yuli, da yamma

Liman ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna a gaban jama'a, ya ce a yi koyi da Malam Fuseini wajen riƙon iyalin ɗan'uwa. Aka yi ta amin. Na zare hannuna na dawo shago.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Na je kotu da ƙunshin a cinyata. Na yi niyya, Allah ya sani na yi niyya. Na ce da zarar an kira maganar yadi zan miƙe.

Ba a kai ga maganar ba. Aka karanta tuhuma biyu, aka tambaye shi, ya ce ya amsa duka. Wani ya ba shi shawara cewa in ya amsa za a sassauta. Ko minti ashirin ba a yi ba. Shekara biyar.

Akwai wani ɗan lokaci, bayan ya ce ya amsa, kafin alƙali ya ɗauki alƙalami. Ɗakin ya yi tsit. Da na miƙe a nan, kowa zai ji ni. Na ji ƙafafuna, lafiyarsu ƙalau. Ban miƙe ba.

Hamsatu ta faɗi a baranda. Ni na ɗaga ta, da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙunshin.

Litinin, 15 ga Yuli, da yamma

Yau na kai, yau da ba shi da amfani.

Wasiu ya raka ni wajen mai binciken haɗarin, Mista Kwansa, wani dattijo mai furfura wanda ya yi aiki a Tamale, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Na buɗe takardar na shimfiɗa jan yadin a teburinsa, na faɗi komai. Na miƙa hannuwana ina jira a kira ɗan sanda.

Bai kira kowa ba. Ya sa aka kawo mini ruwa.

Ya ce shi aikinsa ba kama mutane ba ne, aikinsa ya gano abin da ya jawo don kada a sake. Ya lissafa mini da yatsu. Safa ba ta da launi ba ta da jela. Kamfani ya karɓe ta sati biyu babu wanda ya duba. An janye mutum daga aikinsa yana tsaka da yi. Direba bai zagaya jirginsa ba don yana tsere da hadari. Kuma da ya kama gudu a titi ya ga allura ba ta motsa ba, titi yana nan a gabansa da saura, ya kamata ya taka birki, sai ya ɗaga jirgi mai nauyi a kan zato. Ya ce da ɗaya cikin biyar ɗin nan bai faru ba, da yanzu mutanen suna gidajensu.

Ya ce zai rubuta cewa kowace safa ta zama ja mai doguwar jela, a kuma ƙirga su a hannun direba kafin a tada inji. Wanda ya fara buɗe jirgi kada a kira shi sai ya gama. Allura in ba ta motsa ba a tsaya, ko wane ne ke jira.

Na ce to Jibirilu fa?

Ya cire tabarau. Ya ce rahotonsa sai nan da shekara, kotu kuma ba ta jira shi ba. Mutum ya amsa laifi da bakinsa. In aka kai yadin yanzu, abin da za a gani shi ne kayan kamfani a gidan su mai laifi, da ƙaryar da ya yi wa hukuma. Ana iya ƙara masa, ni ma a haɗa da ni.

Sai ya ce da Hausarsa mai tsami, "Mai gida, sati na farko ina nema tela. Na aika Sakul sau uku. Don me ba ka zo ba?"

Ya riƙe yadin. Na fito hannu wofi, ban ji nauyin ya ragu ba.

Laraba, 17 ga Yuli, azahar

Ɗaya cikin biyar, in ji shi. Na yi ta maimaitawa. Sauran huɗun ba su zauna a kotu da ƙunshi a cinya ba.

Na yanke shawara zan gaya wa Hamsatu, in gaya wa liman. A kira ni abin da za a kira ni. Amma sai na fara ganin Jibirilu.

Lahadi, 21 ga Yuli, bayan la'asar

Mota biyu na hau kafin in kai gidan yarin. An aske masa kai. Rigar da suka ba shi ta yi masa yawa a kafaɗa.

Na gaya masa na je wajen Mista Kwansa. Na gaya masa ranar kotu yadin yana cinyata. Na ce ya zage ni, ya tofa mini yawu, duk abin da ya ga dama.

Ya ce, "Na gan ka da shi, Yaya. Na yi ta addu'a kada ka tashi. Mu biyu a ciki, wa zai riƙe gida?"

Na ce laifina ne tun daga farko.

"Nawa ne. Ranar da na kawo yadin na ce maka Kaftin ya ce ja. Ka ce Kaftin ya taɓa riƙe almakashi? Na sake cewa, Yaya, jan yana da dalili. Ka ce tun ina tsumma kake ɗinki. Sai na yi shiru. Na san dalilin, an koya mana. Kunyarka na ji. Da ma na faɗa karo na uku."

Na rubuta a nan cewa ban riƙe maganarsa ba. Ƙarya na yi. Na riƙe ta kalma-kalma.

Na ce yau ɗin nan zan gaya wa Hamsatu. Ya kamo wuyan hannuna ta cikin ƙarfen da ke tsakaninmu, bai taɓa yi mini haka ba tunda aka haife shi.

"Kada ka soma. Ka san ta, Hamsatu zuciya gare ta. In ta ji, ko ƙwayar shinkafa ba za ta ƙara karɓa a hannunka ba. Za ta kwashe yara ta tafi, su sha wahala shekara biyar. In Nima ta ji, wa zai kawo maka ɗinki? Da me za ka ciyar da su? Ban taɓa roƙonka komai ba, Yaya. Ka rufe bakinka ka riƙe mini yarana."

Na ce ba zan iya ba.

Ya ce, "Ka iya sati shida."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Mai gadi ya buga ƙarfe, ya saki hannuna, ya durƙusa ya yi mini sallama.

Litinin, 22 ga Yuli, da hantsi

Hamsatu ta kawo mini abinci har shago, da kanta, a kwanon da take zuba wa mijinta. Ta sa ƙwai da wele, wato ganda, ta ce ta ga na rame. Ta tambayi yadda na same shi, na ce lafiya, yana gaishe ta. Ta tambayi telan Sakul, na ce har yanzu ban same shi ba.

Ta ce, "Ba komai, akwai Allah. Kai dai Allah ya saka maka, Yaya. Allah ya ba yarana zuciya irin taka."

Ta tsaya tana jira.

Na ce amin.